Asabar takwas, jikka goma sha biyar: abin da na samu a darasin dabarun karatu na ɗaliban shari'a

Yayana ne ya biya kuɗin, jikka goma sha biyar, ranar da ya ga na samu 7 bisa 20 a jarrabawar dokar hukunta laifuka. Bai yi faɗa ba. Ya dai juya takardar ya ce, "Ke da kike kwana da kaye a hannu, ina karatun yake shiga?" Ban da amsa, don ni ma abin ya ɗaure mini kai. Ina shekara ta biyu a fannin shari'a a nan Tahoua, kuma ba lalaci ne ya kayar da ni ba.

Darasin na masu zaman kansu ne, ba na jami'a ba. Suna hayar aji guda a wata lakwal, kowace Asabar daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, har mako takwas. Malamai biyu ne: wani matashi mai kwamfuta da majigi, da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin magatakardan kotu. Ba zan kama suna ba.

Asabar biyun farko na matashin ne. Ya raba mana takardar tambayoyi, kowa ya cika, sannan ya kasa mu gida huɗu: masu koyo da ido, masu koyo da kunne, masu koyo da karatu da rubutu, da masu koyo da aikin hannu. Ni na faɗa cikin ƴan kunne. Wallahi na ji daɗi, kamar wadda likita ya gano wa cuta. Ya ce in daina wahalar da idona, in naɗi darussa a waya in riƙa saurare. Haka na yi. Na karanta babin gardabi, wato tsarewar farko a hannun ƴan sanda ko jandarma, na naɗe muryata, ina wanke-wanke ina ji, ina kan kabu-kabu ina ji, har barci yakan ɗauke ni da abin kunne. Duk jimlar da ta zo sai in ji na san ta. Amma ranar da ƙawata ta ce in faɗa mata wa ke da ikon tsawaita awa 48 na wannan tsarewar, sai na tsaya ina kallon ta. Na san na ji amsar fiye da sau goma. Mai gabatar da ƙara na gwamnati ne, amma sai da na koma cikin kaye na gano.

Daga baya na bi diddigin wannan rabe-raben. Wani malami ɗan ƙasar Niyuzilan, Neil Fleming, shi ya tsara shi a 1987. A 2008 wani masani, Harold Pashler, da abokan aikinsa uku suka duba binciken da aka yi a kan batun, suka ce ba su sami gamsasshiyar hujja ba cewa koyar da mutum ta hanyar da ya fi so yana ƙara masa fahimta. Ban ce matashin ya yaudare mu ba, shi ma ya yarda da abin da yake faɗa. Amma mako biyu cikin takwas sun tafi a kan abin da ba ya tsallakar da kowa. Jarrabawarmu a rubuce take, da Faransanci, kai da bik da farar takarda. Ba wanda zai tambaye ka ko kai ɗan kunne ne.

A Asabar ta uku dattijon ya karɓi aji. Ya shigo da alli a aljihun riga, ya ce kowa ya rufe kaye ya sa ƙarƙashin benci. Sai ya ba mu labari: wani ya ari babur ɗin abokinsa da cewa zai je Birnin Ƙonni ya dawo da yamma, da ya isa can sai ya sayar da shi ya cinye kuɗin. "To, wane laifi ne?" Muka haɗa baki muka ce sata. Ya nuna ni da alli.

"Ɗiyata, ɗauke babur ɗin ya yi, ko miƙa masa aka yi?"

"Miƙa masa aka yi, Baba."

"To a ina ya sace?"

Aji ya yi tsit. A nan ya warware mana abin da na yi wata uku ina haddacewa ban gane ba. Sata, a aya ta 306 ta kundin hukunta laifuka na 1961, ita ce ɗauke abin wani da mugun nufi, ba da yardarsa ba. Idan mai abu ya miƙa shi da hannunsa a kan aro ko ajiya ko haya, aka karkatar da shi, wannan cin amana ne, aya ta 338. Idan kuwa tun farko da sunan ƙarya ko wata kitsattsiyar dabara aka sa ya miƙa, to an shiga zamba, aya ta 333. Sai ya sake labarin: a ce mutumin ya zo da takardar bogi yana cewa shi ma'aikacin wani ofis ne da aka aiko karɓar babur. Muka ce zamba. Ya sake juya shi: a ce ya tarar da babur a ƙofar masallaci da makulli a jiki. Muka ce sata. Babur ɗaya, laifi uku, kuma har yau ban sake haɗa su ba.

Haka ya riƙa yi mana har ƙarshe. Kowane labari sai ka fito da abu uku: ayar dokar da ta hana, aikin da aka aikata, da niyyar mai aikatawa. Sannan ka rubuta amsa a jere, doka tukuna, sai abin da ya faru, sai hukuncin da ya biyo. Yana karɓar takardu ya gyara da jan bik a gabanka. Tawa ta farko ya ja layi a kan rabin shafi ya rubuta kalma ɗaya a gefe: "labari". Wai na sake ba shi labarin da shi ya ba ni, ban taɓa doka ba. Na ji kunya, amma gaskiya ya faɗa.

Shi ne kuma ya kawo maganar katuna. Ka yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ka samu akwati uku. Wanda ka amsa daidai ya matsa akwati na gaba, wanda ka kasa ya koma na farko. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku sau ɗaya a mako. Matashin ya ƙara mana da cewa wani Bajamushe, Sebastian Leitner, ya yaɗa tsarin a 1972, kuma tun 1885 wani masani, Hermann Ebbinghaus, ya nuna yadda mantuwa ke cin sabon karatu da sauri a kwanakin farko. Dattijon ya yi dariya ya ce shi a makarantar allo ya koya: ba a wanke allo sai ka ba da hadda ba tare da ka duba ba, kuma wanda ya bar tilawa ya san abin da ke biyo baya. Ni da kwalayen sukari uku na yi nawa. A ciki akwai shekarar kundin hukunta laifuka, dokar 15 ga Yuli 1961, da ta kundin tsarin shari'ar laifuka, 14 ga Agusta na wannan shekarar, da gyaran 2003 wanda ya sa bautar da mutum cikin laifukan da ake hukuntawa, da matakan laifi uku daga ƙarami zuwa babba. Abin yana da gajiyarwa, ba kamar saurare ba. Sai ka ga katin da ka rantse ka sani ya koma kwalin farko sau huɗu.

Ya kuma tura mu kotu mu zauna a zaman da jama'a ke shiga. Na je sau biyu. Ganin inda mai gabatar da ƙara yake tsayawa, da yadda tafinta ke mayar da tambayar alƙali zuwa Hausa, ya sa babin da nake gani kamar jerin sunaye ya zama mutane masu fuska.

Akwai abin da ya ɓata mini rai. An ce mana ba za mu wuce ashirin ba, muka tarar mun kusa arba'in, uku-uku a benci, in an ɗauke wuta kuwa sai fifita da kaye. Takardun da ake rabawa ma sai ka biya dala biyar kowane shafi, ba a faɗa mana haka ba ranar rajista. Wanda ya fi muni shi ne wata takarda da aka kwaso daga intanet a kan wa'adin da ƙara ke mutuwa in ba a shigar ba. An rubuta shekara 20 ga babban laifi, 6 ga matsakaici. Wannan lissafin Faransa ne tun gyaran da suka yi a 2017. Abin da ke cikin kundinmu da aka koya mana shi ne 10, da 3, da shekara 1 ga ƙaramin laifi. Wata ɗaliba ce ta lura, dattijon ya sa kowa ya yaga shafin. Da ba ta lura ba, da mun haddace shi da kyau mun kai shi jarrabawa.

A zango na biyu na samu 12. Ba abin a buga ganga ba ne, amma Yaya ya ce kuɗinsa bai faɗa rijiya ba. Wanda bai taɓa samun mai gyara masa amsa da jan bik ba, zuwa zai amfane shi, sai dai ya riƙe kundinsa kusa ya gwada kowace takarda da aka ba shi. Wanda yake da abokan karatu masu tsanani, da malamin da ke duba masa aiki, ya riƙe jikkunansa.

Na tambaya ko za a iya biyan rabin kuɗi a shiga ajin dattijon kaɗai, aka ce a'a, a haɗe ake sayarwa. Yanzu mu huɗu ne muke haɗuwa ranar Asabar a gindin bedin gidanmu, kowa da makonsa na kawo labari. Wannan makon nawa ne. Na shirya musu na wata akuya da aka ba makiyayi kiwo, ta haifi biyu, ya dawo da ɗaya.