Lauya, Likita da Mai Ba da Shawara a Inuwa Ɗaya: Abin da Na Gani a Wata Cibiyar Taimakon Matan da Aka Ci Zarafinsu

Watanni bakwai ke nan ina raka ƙanwata zuwa wata cibiya da ke taimaka wa matan da aka ci zarafinsu, kuma da yardarta nake wannan rubutu, ba tare da ambaton sunanta ko na wurin ba. Mijinta ya daɗe yana dukanta, har ranar da ya ji mata raunin da ba ya ɓoyuwa. A cibiyar, lauyoyi da ma'aikatan lafiya da masu ba da shawara da jami'in 'yan sanda suna aiki tare, domin kada a bar mace tana yawo daga asibiti zuwa caji ofis, daga can zuwa kotu, tana maimaita abin da ya same ta a gaban mutanen da ba ta taɓa gani ba. Tsarin ba sabo ba ne: Afirka ta Kudu ta fara cibiyoyin Thuthuzela a 2000, birnin San Diego na Amurka ya buɗe irin tasa a 2002, Ruwanda kuma ta kafa cibiyar Isange a Kigali a 2009. Buƙatar ma ba ƙarama ba ce, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne sau ɗaya tak ƙanwata ta ba da labarinta a ranar farko. Wata jami'a ce ta saurare ta a ɗaki rufe, sannan ta karanta mata takardar amincewa da ke fayyace bayanin da za a miƙa wa lauya, da wanda za a miƙa wa ɗan sanda, da wanda ba zai fita daga ɗakin ba. Lauyar da ta zo bayan nan ba ta tura ta kotu da gaggawa ba. Ta shimfiɗa mata hanyoyi uku, wato neman umarnin kotu da zai hana mijin kusantarta, shigar da ƙarar laifin duka, da neman haƙƙin riƙon yara da ciyar da su, ta kuma gaya mata gaskiyar lokaci da wahalar da kowace hanya ke ci, sannan ta bar mata zaɓi. Macen da aka shekara ana yanke mata hukunci a kan rayuwarta ta san darajar a tambaye ta abin da take so.

Amfanin haɗin gwiwar ya fi fitowa a rahoton likita. Da yake likitan ya saba aiki da lauyoyi, ya rubuta kwanan wata, ya auna girman kowane rauni, ya ɗauki hotuna da izininta, don haka rahoton ya zama hujjar da alƙali ya karɓa ba tare da ja-in-ja ba. A nan ne kuma na ji abin da ya kamata kowa ya sani: wadda aka yi wa fyaɗe tana buƙatar fara maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuwa cikin awa 120.

Sai dai akwai gyara, kuma ɗaya daga ciki ya tayar mini da hankali ƙwarai. A mako na biyu wani ma'aikaci ya kira wayar ƙanwata don tuna mata ranar zama, ya ambaci sunan cibiyar tun kafin ya tabbatar da wanda ya ɗauka, alhali a lokacin wayar tana iya kasancewa a hannun mijin. Wurin da ya san irin hatsarin da waɗannan mata ke ciki bai kamata ya yi wannan sakaci ba. An ba mu haƙuri, an kuma rubuta lambar da za a riƙa kira, amma tun ranar farko ya kamata a tambaye ta lambar da babu hatsari a kira ta a kai. Haka nan an canza mata lauya sau biyu, kuma na ƙarshen ya zo bai karanta fayil ɗin ba, sai da ta sake ba da labarin da aka yi mata alkawarin ba za ta maimaita ba. Ɗan sandan ma kwana biyu kawai yake zuwa a mako.

Duk da haka ina ba duk mai irin wannan damuwa shawarar ta je, ta nemi sunan jami'ar da ke riƙe da lamarinta, ta karɓi kwafin rahoton likita, ta kuma faɗi lambar da babu hatsari a kira ta a kai. Ƙanwata ta sami umarnin kariya cikin makonni uku. Shari'ar ciyar da yaran kuwa an ɗage ta sau huɗu, kuma a wata mai zuwa za mu koma kotu.