416 ko 440 a TRX400EX? Duka biyun sun bi ta kan babur ɗina

Malam, 416 za ka yi. Tunda ka ce Honda TRX400EX ce mai ƙafa huɗun taka, kuma kana wasiwasi tsakanin a yi wa silindarta borin (wato a faɗaɗa raminta) girman injin ya kai 416cc ko ka sayo cikakken kit ɗin 440 da ake tallatawa a intanet, to ni na gwada duka biyun, kuma a ɗaya ne kawai na ci moriyar kuɗina.

Fara duba awon. Daga kamfani faɗin silindar milimita 85 ne, tafiyar fistin milimita 70, shi ya ba da 397cc. Aka yi borin zuwa 87, ya koma 416. Wanda ake kira 440 ɗin nan milimita 89 ne, in ka buga lissafi ma 435 za ka samu, suna ne kawai aka cika masa. Abin da ke tsakaninsu bai kai 20cc ba. A kan wannan ɗan bambanci ne za ka ɗauki zafin da injin bai saba da shi ba, ga shi ba lagireto gare shi ba, iska ce da baƙin mai ke sanyaya shi. Ka tuna yadda Zariya take a watan Maris da Afrilu, sannan ka tuna a gona ba gudu ake yi ba, tafiyar hawainiya ce a giya ɗaya ko biyu, iskar da za ta buga silinda ba ta da yawa.

Da 440 na fara, mai araha, wanda ya zo a kwali ɗaya da silinda da fistin da gasket. Yana ja, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ko damina ɗaya bai kai ba gasket ɗin sama ya ƙone, da bakanike ya kwance sai ga ɗaya daga cikin dogayen kusoshin da ke riƙe kan silinda ta cinye haƙoranta ta fito. 440 na ƙwarai yana nan, sai dai yana son sabon hannun riga na ƙarfe a cikin silinda, da kusoshi masu kauri, da ƙarin abin sanyaya mai. Na masu tsere a rairayin Amurka ne, ba namu ba.

Allah ya taimake ni ban sayar da tsohuwar silindata ta Honda ba, tana ƙarƙashin benci a shagon bakanike. Ita na ɗauka na kai wa wani dattijo mai borin a Sabon Gari. Na ce Baba a buɗe min ita zuwa 87. Ya ce ina fistin? Na ce yana hanya, an turo shi. Ya miƙo min silindata ya ce in dawo ranar da ya iso, shi ba ya yanka riga bai ga mai ita ba. A lokacin raina ya ɗan sosu, don sai da na yi sati uku ina jira. Da fistin ya zo, na kamfanin Wiseco ne mai matsi 10:1 (wato yadda yake matse iska da mai a cikin silinda), ya auna shi, ya auna ramin, ya sake aunawa, ya goge bangon har layukan nan masu gicciye suka fito, sannan ya saka zobba ɗaya bayan ɗaya yana duba tazarar bakinsu. Wannan aikin shekara huɗu ke nan yanzu. Gonata tana gaba da Shika ta hanyar Giwa, kuma duk wanda ya san lakar wajen a watan Agusta ya san abin da nake faɗa. Inda da sai na sauko giya ina murza mai, yanzu a giya biyu take ratsawa da buhun taki a baya, ba hayaƙi, ba shan baƙin mai. Abu ɗaya da take buƙata shi ne haƙuri da safe: irin wannan fistin sai ya ɗumama yake cika ramin, don haka nakan bar ta ta yi minti biyu zuwa uku tana silo, musamman da sanyin hunturu.

Kada wani ya ruɗe ka da fistin mai matsi 12:1 ko sama da haka. Fetur ɗin gidajen manmu ba zai ɗauke shi ba, balle na 'yan bumburutu, za ka riƙa jin ƙwanƙwasa a cikin inji har ya huda fistin. Kuma a ƙara girman jet (ɗan ramin da fetur ke bi) na kafireta bayan an haɗa, in ba haka ba iska za ta fi mai yawa, zafi ya ƙaru. Iya kilina (matatar iska) kuwa, da ƙurar hunturu, wanke shi ka shafa masa mai a kai a kai. In ma ja kake so fiye da gudu, rage haƙori ɗaya a sifroket ɗin gaba, kuɗinsa kaɗan ne.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa: a yi hattara da masu sayarwa. Akwai kwali mai sunan babban kamfani, fistin ɗin ciki jabu. Akwai mai ba ka 85 ɗin da ka saba da shi ya ce maka babba ne, akwai mai fesa wa silindar da ta karce fenti ya ce tokunbo ce. Ka je da abin awo, ka ga 87 da idonka, lambar da ke jikin fistin ta dace da ta kwali. Wanda ya ce sai ka turo kuɗi a kan hoton WhatsApp, ka bar masa kayansa.

Ranar da za ka kai borin, tafi da fistin da zobbansa a hannu, kuma a saka sabuwar sarkar taimin tunda an riga an buɗe injin.