Gurbin Diraf Ko Tsohon Hannu: Ina Ya Kamata Kulob ɗin NFL Ya Zuba Kuɗinsa?

Wanda ya saba da cinikin 'yan wasa irin na Firimiyar Ingila, ranar da ya fara leƙa kasuwar ƙwallon Amurka sai kansa ya ɗaure. A gasar NFL mai kuɗi ba ya zuwa ya zube tsaba ya kwashe taurari. Abu biyu ne a hannun babban manajan kulob: guraben zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, wato diraf, da kuma sararin da ya rage masa a ƙarƙashin iyakar albashi. Kulob 32 ne, kuma iyaka ɗaya aka shata wa kowa. Da aka fara tsarin a 1994 dala miliyan 34.6 ce, a 2024 ta kai miliyan 255.4, a 2025 miliyan 279.2. A cikin wannan kuɗi za ka ɗauki nauyin 'yan wasa 53. Diraf kuwa zagaye bakwai ne, ana yin sa a ƙarshen Afrilu, kuma kulob ɗin da ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓe.

Ina bin dare na farko duk shekara, duk da cewa a agogonmu ƙarfe ɗaya na dare ake farawa. Abin da ke hana ni barci shi ne lokacin da aka ce an yi musaya, a jero abin da wani kulob ya bayar don ya hau sama da gurbi biyar ko goma. A nan ake gina kulob, a nan kuma ake rusa shi, tun kafin yaron ya sa hular kwano.

Ga hanyoyin da ke gabanka idan kai ne a kujerar, da abin da kowace za ta ci maka.

Mafi araha ita ce ka zauna a gurbinka ka zaɓa. Tun daga yarjejeniyar 2011 tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa, an ƙayyade albashin sabon shiga gwargwadon gurbin da aka ɗauke shi. Kafin nan abin ya wuce hankali: Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa a 2010, ya sa hannu kan dala miliyan 78 na shekara shida, miliyan 50 daga ciki tabbas ne, alhali bai taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya a NFL ba. Shekara guda bayan haka Cam Newton, shi ma na farko, miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Yanzu duk wanda aka zaɓa yana da kwantiragin shekara huɗu, na zagayen farko kuma kulob na da damar ƙara masa ta biyar.

Ribar wannan ta fi fitowa a wurin kwatabak, mai jefa ƙwallo wanda shi ne kan tawaga. Caleb Williams da Chicago Bears ta fara ɗauka a 2024 yana karɓar kusan miliyan 10 a shekara. A wannan shekarar Dallas Cowboys ta ba Dak Prescott miliyan 60 a shekara. Tazarar miliyan 50 ɗin nan ta isa ta biya ƙwararru biyu ko uku a wasu wurare. Brock Purdy ya ma fi ban mamaki: shi ne na ƙarshe dungurungum a diraf na 2022, gurbi na 262, albashinsa bai kai miliyan ɗaya a shekara ba, ya kuma kai San Francisco 49ers wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, a Fabrairun 2024. Kuɗin da ba a ba shi ba shi ya riƙe manyan da ke kewaye da shi. A 2025 aka ba shi miliyan 265 na shekara biyar, a shekarar ne kuma kulob ɗin ya rabu da tsofaffin hannu da dama. Garaɓasar shekara huɗu ce ko biyar, kuma tun ranar da ka zaɓi yaron ta fara ƙarewa.

Wani abu da ake yawan mantawa: gurbi ne ke yanke albashin sabon shiga, matsayin da yake bugawa ba ya shiga lissafi. Idan ka ɗauki kwatabak, ko mai farautar kwatabak, ko ƙaton da ke tsare masa baya, ka samu kaya mai tsada a farashin gwanjo. Idan ka ɗauki mai ruga da ƙwallo a sama, ragin kaɗan ne, domin ko a kasuwa ba su da tsada sosai. Lokacin da New York Giants ta ɗauki Saquon Barkley a gurbi na biyu a 2018, tun ranar farko ya shiga sahun waɗanda suka fi albashi a matsayinsa. Gwani ne na gaske, amma kulob ɗin bai ci ribar gurbin ba.

Hanya ta biyu ita ce hawa sama, ta uku kuma sauka ƙasa, kuma ciniki ɗaya ne da fuska biyu. Tun farkon shekarun 1990 kulob-kulob ke amfani da jadawalin da aka tsara a Dallas zamanin koci Jimmy Johnson: gurbi na ɗaya maki 3,000, na 16 maki 1,000, na 32 maki 590. Wato na ɗaya ya ninka na 32 sau biyar. Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, sun yi nazari suka nuna cewa manajoji na tsawwala wa guraben sama daraja fiye da abin da suke haifarwa, saboda kowa ya yarda da idonsa fiye da kima. Ni ma a nan na tsaya. A 2023 Carolina Panthers ta ba Chicago gurbi na tara, da na 61, da na zagayen farko na 2024, da na zagaye na biyu na 2025, haɗe da mai cafe ƙwallo DJ Moore, don ta hau gurbi na ɗaya ta ɗauki kwatabak Bryce Young. Carolina ta ci wasa biyu kacal cikin 17, gurbin da ta bayar ya zama na ɗaya, da shi Chicago ta ɗauki Caleb Williams. San Francisco ta sa guraben zagayen farko har uku a cinikin hawa zuwa na uku a 2021 saboda kwatabak Trey Lance, wanda wasa huɗu kawai ya fara mata kafin ta miƙa shi ga Dallas a kan gurbin zagaye na huɗu. Da ba don Purdy ya rufa musu asiri ba, da har yau ana yi musu gori.

Amma ba zan ce kada a taɓa hawa ba. A 2017 Kansas City Chiefs ta tashi daga gurbi na 27 zuwa na 10, ta ba Buffalo na zagaye na uku da na farko na shekara mai zuwa, ta ɗauki kwatabak Patrick Mahomes. Dubi bambancin. Kansas City kulob ne mai cin wasa, don haka gurbin da ta bayar na can ƙasa ne, tana kuma da Alex Smith da zai riƙe wuri shekara guda yaron na koyo. Carolina kuwa ba ta da komai, ta kuma bayar da mutumin da ya kamata ya riƙa cafe ƙwallon sabon yaron. Kafin ka sayar da gurbin baɗi, ka tambayi kanka tsakani da Allah: idan kakar ta lalace, na nawa zai zama?

Sai kasuwar watan Maris, lokacin da waɗanda kwantiraginsu ya ƙare ke da 'yancin zuwa inda suka ga dama. A nan ba ka asarar gurbi kai tsaye, amma kana gogayya da kulob 31, kuma ka tuna cewa kulob ɗin da ya fi kowa sanin mutumin ne ya bar shi ya fita. Washington ta ba Albert Haynesworth miliyan 100 na shekara bakwai a 2009, kaka biyu ya yi. Philadelphia Eagles kuwa ta ɗauki Barkley ɗin nan a 2024 kan miliyan 37.75 na shekara uku, ya ruga yadi 2,005 a kaka ɗaya, suka ɗauki kofi. Kasuwar Maris ta cike giɓi ɗaya ko biyu ce. Akwai kuma ɓoyayyen farashi: NFL na raba guraben diyya a ƙarshen zagaye na uku zuwa na bakwai ga kulob ɗin da ya rasa 'yan wasa fiye da waɗanda ya sayo, har huɗu a shekara. Baltimore Ravens ta daɗe tana cin wannan gajiya. Duk babban sayen da ka yi yana iya soke maka ɗaya.

Yanzu ga wadda ta fi tsorata ni, wadda saboda ita na zauna rubutun nan: ka ba da gurabe don karɓo tsohon tauraro, sannan ka ba shi sabon kwantiragi mai nauyi. Biya biyu ke nan a kan kaya ɗaya. Ka zubar da kuɗin, ka kuma zubar da yara masu araha da za su toshe ramin da kuɗin ya bari.

Sai an fahimci yadda ake lissafin kafin a ga haɗarin. A ce ka ba ɗan wasa kuɗin sa hannu miliyan 50 a kwantiragin shekara biyar. Shi ya karɓe kuɗinsa yau, amma a littafin iyakar albashi miliyan 10 ake rubuta maka kowace shekara, kuma shekara biyar ce iyakar shimfiɗawar. Idan bayan shekara biyu ka ga ba ya tsinana komai ka sallame shi, ragowar miliyan 30 za ta faɗo maka, ko gaba ɗaya, ko a raba ta shekara biyu. Shi ake kira mataccen kuɗi: yana cinye maka sarari, mai shi kuwa yana buga wa wani kulob.

A Maris na 2022 Denver Broncos ta ba Seattle guraben zagayen farko biyu, na zagaye na biyu guda biyu, da 'yan wasa uku, ta karɓo kwatabak Russell Wilson. Kafin ya buga mata wasan gasa ko ɗaya ta ƙara masa shekara biyar kan sama da miliyan 240. Ya ci wasa 11, ya faɗi 19. A Maris na 2024 aka sallame shi tun sababbin shekarun ba su fara aiki ba, Denver ta haɗiyi mataccen kuɗi miliyan 85, ta raba shi 53 da 32. Cleveland Browns ta fi nutsewa: guraben zagayen farko uku ta ba Houston, ta ba Deshaun Watson miliyan 230 tabbas har ƙwandalar ƙarshe, ya buga wasa 19 cikin kaka uku, tsakanin dakatarwa da raunuka. Abin lura, Denver ta shiga wasannin fitar da gwani a 2024 da wannan kaya a kanta, domin ta ɗauki kwatabak Bo Nix a gurbi na 12 yana karɓar albashin sabon shiga.

Masu son wannan hanya za su kawo Los Angeles Rams, kuma suna da hujja. Daga 2017 zuwa 2023 Rams ba ta zaɓi kowa a zagayen farko ba. Ta ba da biyu a kan Jalen Ramsey, ta ba da biyu da Jared Goff a kan Matthew Stafford, ta ɗauki kofi a filinta a Fabrairun 2022. To amma tana da taurarinta Aaron Donald da Cooper Kupp tun da farko, mutum ɗaya ko biyu suka rage mata. Ta kuma riƙa tara ƙananan gurabe tana dacewa: Kupp na zagaye na uku ne, Puka Nacua na biyar. Duk da haka, kakar da ta biyo bayan kofin wasa biyar ta ci, ta faɗi 12. Idan kulob ɗinka bai kai inda Rams take ba, wannan hanya ba taka ba ce.

Game da tura bashi gaba, wato mayar da albashin bana kuɗin sa hannu, ko liƙa wa kwantiragi shekarun da kowa ya san ba za a buga su ba, ba na ganin laifinsa idan ɗan wasan matashi ne da ka tabbata zai daɗe. Iyakar na ƙaruwa kusan kullum, dalar baɗi ta fi ta bana sauƙi. Sai dai a 2021 annobar korona ta sauke ta daga miliyan 198.2 zuwa 182.5, masu bashi irin New Orleans Saints suka ji a jikinsu. Tambarin riƙo na shekara ɗaya kuwa, wanda ke hana tauraronka fita kasuwa, na sayen lokaci ne kawai: kuɗinsa duka a shekarar yake sauka, ba ya shimfiɗuwa. Washington ta maka wa Kirk Cousins tambarin sau biyu, 2016 da 2017, daga bisani ya tafi Minnesota.

Akwai zaɓi ɗaya da magoya baya suka tsana, ni kuwa shi nake fara dubawa idan kwatabak ɗina ya riga ya karɓi babban kuɗi: ka sayar da tauraronka kafin ranar biya. A Maris na 2022 Tyreek Hill na neman albashin da ya fi na kowane mai cafe ƙwallo, kwantiragin Mahomes na shekara goma kuma ya fara nauyi. Kansas City ta miƙa shi ga Miami a kan gurabe biyar. Miami ta ba shi miliyan 30 a shekara. A diraf na watan gaba Kansas City ta ɗauki Trent McDuffie da George Karlaftis a zagayen farko, Isiah Pacheco a na bakwai, dukansu a albashin sabon shiga. Su ukun suna fili a Super Bowl na Fabrairun 2023 da na Fabrairun 2024, kuma duka biyun Kansas City ce ta ɗauka.