Na Je Duba Lafiya, Koko da Ƙosai Suka Hana Ni Barci Kwana Biyu

Tun da yayana ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki maiɗakina ta sa ni gaba sai na je an duba ni. Ni kuwa ko ciwon kai ba na yi. Da ta ishe ni, na zaɓi wani wurin gwaji mai zaman kansa a Sabon Gari, irin masu haɗa awon hawan jini, suga, ciwon hanta da ƙoda a kuɗi ɗaya.

Wurin tsaf yake, kuma matashin da ya ɗebi jinina a gabana ya ɓare sabuwar allura. Na fito ina cewa zan kawo iyalina duka.

To amma ga inda suka ɓata min. Kafin in je sai da na buga waya na tambayi ko akwai wani shiri, yarinyar da ta ɗauka ta ce, "Baba, ka zo kawai." Na tsaya a Kwangila na sha koko da suga, na ɗora ƙosai. Sakamakon suga ya fito 171, an rubuta a kai wai gwajin wanda bai karya ba ne. Babu wanda ya tambaye ni ko na ci wani abu. Kwana biyu ban runtsa ba, na ƙaurace wa tuwo da shayi, har lissafin basussukan da ake bi na na fara.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta duba takardar ta yi dariya. Ta ce wannan gwajin sai mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba sai ruwa. Ƙasa da 100 lafiya lau ne, 126 zuwa sama ne ake zargin ciwon suga, shi ma sai an maimaita kafin a yanke. Na koma da sassafe ba ci ba sha, ya fito 93. Kuma suka karɓi wani kuɗin! Na ce laifin wa? Aka ce tsarin wurin ke nan.

Gaskiya dai ba zan ci amanarsu ba, su suka gano jinina ya hau, 150 bisa 95, ni da nake jin kaina garau. Aka sake aunawa wata rana bai sauka ba, yanzu ina ganin likita a asibitin koyarwa na Shika, an rage gishiri da magi a miyar gidan. Ciwon hanta nau'in B babu, suka ce in yi rigakafi: allura uku, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko.

Maiɗakin tana son zuwa nata awon. Na ce sai dai wani wurin, ko kuma su dawo min da kuɗin gwajin nan na biyu. Rasit ɗin yana nan cikin aljihun babbar rigata.