Na biya kuɗin manhajar ƙamus na wata ɗaya, ƙarshe dai wajen Hajiya muka koma

Jama'a dama na yi alƙawarin zan kawo muku bayanin manhajar ƙamus ɗin nan ta Hausa da na sauke a waya watan jiya, toh gashi nan, amma tun farko bari in faɗa ba zan kama sunanta ba saboda ƙorafina yafi yabona yawa kuma naga alamar yara ne matasa suka haɗa kayansu da ɗan abun hannunsu, bana son in zama ni na karya musu kasuwa. Wanda yake amfani da ita zai gane ta daga bayanin.

Yadda akai na faɗa ciki shine yarinyar wajena 'yar aji biyu a babbar sakandare ta dawo da asaimen na Hausa, malaminsu ya basu kalmomi uku, kunya, gayya da adashe, yace kowacce a rubuta cikakkiyar ma'anarta kada ta gaza rabin shafi. Tazo ta sameni bayan isha'i tace Abba wai ya za'ai mutum ya cika rabin shafi akan kunya, ai kunya kunya ce. Nayi dariya nace Ummi kawo wayar nan yanzu zamu gama, ashe ni ma bansan abun da na tarowa kaina ba.

Bari in fara da inda suka yi ƙoƙari don kar ace nayi musu zalunci. Manhajar bata da nauyi, minti biyu bata yi ba ta sauka duk da netwok ɗin unguwarmu da kuka sani, kuma da zarar ta sauka ko babu data tana aiki, wannan kam sun ci maki. Kana fara danna harafi kalmomi suna zubowa, ba jira. Bata shan caji. Rubutun manya ne, ni da idona ya fara rauni ban nemi tabarau ba. In abun da kake so kawai shine kaga kalmar Turanci ka nemo ta Hausa da sauri, misali kana cike fom ko kana karanta saƙon banki, wallahi zata yi maka aiki kuma kyauta.

Matsalar ta fara ne daga inda suka rubuta wai in ka biya zasu buɗe maka "cikakken bayani da Hausa". Kuɗin ba wasu masu yawa bane, basu wuce na datar sati ba, sai na tura. Muka danna kunya. Abun da ya fito, kuma na ɗauki hotonsa na ajiye, layi ɗaya ne: jin kunya, ko halin wanda yake jin kunya. Ummi ta kalleni na kalleta. Muka danna haƙuri don gwaji, wai yin haƙuri. Muka danna mutunci, wai halin mai mutunci. Toh ai wannan kamar ka tambayi mutum ina gidan mai unguwa yace maka yana kusa da gidan maƙwabcinsa ne.

Abun da ya ƙona min rai shine mu fa ba baƙin wannan fanni bane. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ko ya yi islamiyya yasan yadda ake buɗe babi. Malam ba zai shiga hukuncin azumi ba sai yace a luga, wato a asalin harshen Larabci, ma'anarsa kamewa, a shari'a kuma kamewa daga ci da sha da kusantar iyali tun daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana tare da niyya. Sallah a luga addu'a, zakka a luga haɓaka da tsarkaka, sannan a kawo ma'anar isɗilahi, wato yadda malaman fannin suke amfani da kalmar. Malaman manɗiƙi, ilimin tsara hujja, ma cewa suke ta'arifi, bayanin ma'anar abu kenan, sai ya zama jami'i mani'i, wato ya tattaro duk 'yan gida ya kuma tare ƙofa kar bare ya shigo. Kai ita kanta kalmar ƙamus ɗin asalinta teku take nufi, sunan littafin wani malamin Larabci Fairuzabadi ne, Alƙamusul Muhiɗ, da ya shahara har sunansa ya zama sunan duk wani littafin ma'anar kalmomi. Teku fa. Su kuma nasu ko kududdufi bai kai ba.

Da naga ba sarki sai Allah sai nace mu shiga wajen Hajiya mahaifiyata, ita da bata taɓa riƙe ƙamus ba. Tana kan dadduma tana jan carbi Ummi ta durƙusa tace Hajiya wai meye kunya. Hajiya bata ce komai ba sai da ta kai ƙarshen carbin, sannan tace ke tunda kike kin taɓa jin uwarki ta kira sunan yayanki? Tace a'a, sai dai tace wannan yaron ko tace kai. Tace toh kin taɓa jin ubanki ya kira ki da sunanki na yanka? Tace a'a Ummi yake cewa. Tace saboda sunana kika ci, bakinsa ba zai iya ba. Daga nan fa Hajiya ta ɓalle, ta kawo yadda mace bata faɗin sunan miji, yadda suruki yake sauya hanya ko ya cire takalmi ya durƙusa in ya hango surukarsa, yadda amarya bata sakin jiki taci abinci gaban dangin miji, yadda a zamaninsu uwa ko ɗaukar ɗan fari bata yi gaban mutane. Sai kuma ta raba mata, tace wannan daban da kunyar da ɓarawo yake ji in an kama shi, waccan abun kunya ya aikata, wannan kuwa ado ce. Tace kuma daban da kara, kara ita ce ka bar haƙƙinka ko ka danne son ranka saboda ganin idon wani, kamar baƙo yazo ka bashi shimfiɗarka, daban kuma da kawaici wanda shine ka gani kayi kamar baka gani ba. Cikin minti goma yarinya ta cika shafi guda har tana juyawa baya.

Ni ina gefe ina lissafi, ashe abun da tsohuwar nan tayi shine daidai abun da malamin yake nema: ta faɗi wane irin abu ne, ta nuna inda ake ganinsa, ta ware shi daga 'yan uwansa da suke kama dashi, ta kawo kishiyarsa wato rashin kunya da fitsara. Irin aikin da wani Baturen Ingila Kirk-Greene yayi kenan akan kalma ɗaya tak, kirki, a laccar da aka buga a 1974, inda ya warware mutumin kirki zuwa halaye goma, gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ko ka yarda da lissafinsa ko baka yarda ba kaga dai mutum ya zauna yayi tunani.

Gayya kuwa nan manhajar ta ƙara bani haushi, don ma'ana ɗaya ta kawo, wai gayyata. Babu maganar aikin gayya kwata-kwata, yadda mai gona zai sanar da samarin gari su taru ranar kaza su nome masa ba tare da ko sisi ba, shi nasa dai fura da tuwo, wani lokacin harda makaɗa suna zuga su, kuma gobe in an kira ta wani shima dole ya fita. Babu bambanta ta da ƙwadago wanda shi biya ake, ko aikin gandu wanda na 'yan gida ɗaya ne. Babu gayyar soɗi. Sannan babu ɗaya gayyar ta "da gayya yayi min", wadda ko kusa ba hanyarsu ɗaya ba. Adashe kuma suka ce ajiyar kuɗi, shikenan, ba uwar adashe ba zubi ba kwasa, yaro zai ɗauka asusu ne na ƙasa da ake fasawa da sallah.

Wannan ya kawoni kan babban laifinta, wanda ko ba'a biya ba ya kamata ace an gyara. Manhajar bata san ƙugiya ba. Ka nemi ƙafa ta kawo maka kafa, ka nemi baƙi ta baka baki, ɓata da bata duk ɗaya ne a wajenta, in kuma kibod ɗinka mai ƙugiya ne ka danna ɗ sai tace babu wannan kalmar, sai ka koma ka rubuta ba daidai ba sannan ta gane ka. Ƙamus yana koyawa yara kuskure kenan. Karin sauti da tsawon wasali kuwa ba'a ma maganarsu, kuka na hawaye da kuka ta miya an cusa su layi ɗaya, wuya ta wahala da wuya na jiki haka, fari kuwa launi kawai suka sani, ba farin rashin ruwa ba jam'in fara. Mu da muka tashi da harshen zamu gane daga jimla, amma ɗan Ibadan ko ɗan Kumasi da yake koyo fa?

Kuma ba wai babu inda zasu duba bane. Wani Bature Bargery ya fitar da ƙamusunsa na Hausa tun 1934, kalmomi wajen 39,000, yana saka alamar karin sauti, yana gaya maka wannan ta Sakkwato ce wannan ta Katsina ce, in ka buɗe kalma kamar ƙato sai kaga ya jero maka 'yan uwanta har ka gaji da karantawa, kuma an saka shi a intanet kyauta. Wani Baturen kuma Abraham ya biyo baya da nasa a 1949 da misalan jimloli kamar ba gobe. In Hausa zuwa Hausa ake so ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006. Ni ban ce su kwafa ba, haƙƙin mallaka ne, amma ai sai a buɗe aga yadda manya suke tsara abu. Na masu manhajar nan kam daga gani Turanci aka zuba a injin fassara aka kwaso, don akwai wajen da naga an rubuta "wani mutum wanda yake shine mai yin", na karanta sau uku ban gane ba.

Na gwada kalmomin yamma ma don abokin aikina basakkwace ne, ɗiya bata ciki, gujiya da su suke nufin gyaɗa ita ma babu. Lakwal da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suke cewa makaranta babu. Kananci ne zalla, kuma ni bakano ne amma gaskiya Hausa ba a Kano ta tsaya ba.

Sai talla. Kafin in biya duk kalma uku sai talla ta rufe fuskar wayar, na haƙura nace dasu suke ci, amma abun da ban yafe ba shine tallar caca ta ƙwallo da ta fito yarinya tana riƙe da wayar. Manhajar da 'yan makaranta zasu fi kowa amfani da ita dan Allah a tace irin tallar da ke shiga. Bayan na biya sun ragu amma basu ɗauke duka ba. Na tura musu saƙo ta adireshin da suka saka, na lissafa musu kalmomi goma sha biyu da gyaransu, yau sati uku ko "mun gani" babu.

In tauraro biyar ake bayarwa ni biyu zan basu, ɗaya na sauri ɗaya na aiki ba data. Ta kyautar ku sauke ba laifi, zata fitar daku kunyar kalmar Turanci. Ta kuɗin kar wanda ya saka ko naira sai sun gyara ƙugiya sun kuma nemo malamin Hausa ko guda ɗaya ya zauna ya rubuta musu bayanin da hannunsa. Na riga na soke nawa kafin su sake cira.

Asaimen dai an kai, malamin ya bata takwas cikin goma, ya ja layi a ƙarƙashin wajen kara da kawaici ya rubuta "a ina kika samo wannan". Da Ummi ta gayawa Hajiya sai cewa tayi toh tunda haka ne a gayawa ubanki kuɗin da yake turawa waya duk wata ya riƙa kawo min na goro, kuma yanzu haka ta aiko ƙaramin ya tsaya min a kai wai wata ya kama.