Ɗan sifirin ɗin da ya rage mini bayan canza kunamar Glock 19, da shagon da ya gano mini shi

Ni dai a Houston nake zaune a jihar Texas, kuma ƙaramar bindigata Glock 19 ta halal ce, a shago na saya aka yi min binciken da doka ta ce, sai ƙarshen mako nake zuwa filin harbi da ita. Kunamar da take zuwa da ita daga kamfani nauyin janta wajen fam 5.5 ne, ni kuma ina son ta ɗan yi laushi, shi ne na sayi kit na sabuwar kunama na zauna na haɗa da kaina a kan tawul, magazin (gidan harsashi) a waje, na duba babu harsashi a ciki har sau biyu.

Na gama komai ya koma daidai, kunama tana ja lafiya lau, sai da maman yara ta zo ɗauke tawul ɗin ta ce Abban yara wannan ɗan abun fa na meye? Wani ɗan sifirin ne siriri, tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba sosai. Wallahi gabana ya faɗi, don kit ɗin ya zo da sifirin kala-kala kuma tsofaffin ma suna wajen, na kasa tantance tsoho ne da na cire ko kuwa sabo ne da na manta ban saka ba.

Ban ƙara taɓa ta ba, na sa ta a akwatinta da safe na kai wani ɗan shagon gyaran bindiga da ke kusa da mu. Dattijo ne mai shagon, bai yi min faɗa ba bai kuma raina ni ba, ya ɗora sifirin ɗin a tafin hannunsa ya sa tabarau ya ce yana zargin na makarin allura ne. Glock tana da makari uku masu hana ta tashi da kanta, ɗaya a jikin kunama, ɗaya na in ta faɗi ƙasa, na ukun wani ɗan ƙarfe ne kamar maɓalli a cikin silaid (ɓangaren saman bindigar da ke ja baya) wanda yake tare allurar da ke bugun harsashi har sai an ja kunama, kuma wannan sifirin ɗin shi ke mayar da shi mazauninsa. Ya buɗe a gabana ya danna maɓallin da yatsa, bai dawo da ƙarfi ba, ramin sifirin ɗin wayam. Wato bindigar za ta iya harbi amma makari ɗaya ya tashi daga aiki kuma ba za ka taɓa ganewa daga jan kunama ba, abin da ya fi tayar min da hankali kenan gaskiya, ga yara a gida.

Ya mayar da shi, ya gwada makaran ukun ɗaya bayan ɗaya yana nuna min, tsofaffin kayan ya zuba min a ƴar leda ya rubuta sunan kowanne. Minti 20 ya ɗauka, kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba. Shagon ƙarami ne, wajen ajiye mota kaɗan ne kuma ran Asabar akwai layi, gara ka je tsakiyar mako. Nan gaba ko saiti, wato abin auna hari da ke saman bindigar, zan canza wajensa zan kai.