Man kaɗanya ko man kariyar rana: wanne ke hana fuska tsufa da wuri?

Assalamu alaikum. Ga waɗanda ba su ga tambayar 'yar uwarmu ba: ta ce tana koyarwa a firamare, kullum idan an tashi sai ta tsaya bakin titi jiran adaidaita da rana tsaka. Fuskarta ta fi jikinta duhu, ga tabo-tabo a kumatu tun cikinta na ƙarshe, ga layi-layi sun fara fitowa a gefen ido alhali ba ta cika 35 ba. Tana shafa man kaɗanya safe da dare. Shin ya wadatar, ko lallai sai ta sayi man nan mai tsada na kariyar rana da ake rubuta SPF, wato ma'aunin ƙarfin kariyarsa, a jikinsa?

Malama, man kaɗanya shi kaɗai bai wadatar ba. Amma kada ki ajiye shi, domin aikin da yake yi miki ɗayan ba zai yi ba.

Sai an san abin da rana ke yi wa fata kafin a gane bambancin. A cikin haskenta akwai iri biyu da ido ba ya gani, UVB da UVA. Na farkon saman fata yake ƙonawa. Na biyun shi ne mafi yawa, kusan kashi 95 cikin 100 na wanda ke isowa ƙasa, yana ratsa gajimare da gilashin taga, ya nutsa can ciki inda zaren kolajin ke riƙe da fata a ɗame, ya riƙa tsinka shi sannu a hankali. A shekarar 2012 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga hoton wani direban babbar mota a Amurka, ɗan shekara 69, wanda ya yi shekara 28 yana tuƙi. Gefen fuskarsa na hagu, wanda ke kallon taga, ya yamutse ya zube, na dama kuwa da sauran kyansa. Mutum ɗaya, shekaru ɗaya, abinci ɗaya. Rana ce kawai ta raba.

Za ki ji ana cewa ai mu baƙar fata wannan bai shafe mu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sinadarin melanin da ya ba mu launinmu garkuwa ne da Allah Ya yi mana, an kiyasta kariyarsa a fata mai duhu ta kai kusan SPF 13, shi ya sa muke jinkirin yamutsewa a kan Turawa. Sai dai mu ta wata ƙofar ɓarnar take shigo mana: launin fuska ya ƙi daidaita, goshi da kumatu su yi duhu, ƙurji ɗaya ya warke ya bar baƙin tabo na wata da watanni. Daidai abin da kika kwatanta ke nan. Kuma ranar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ba ta wasa ba ce, ma'aunin ƙarfin UV yakan kai 11 ko ya wuce, wato matakin ƙoli.

To, man kaɗanya. Ni ban ga abin da ya kai shi ba idan hunturu ya kankama. Ki ɗebo ɗan kaɗan, ki murza a tafin hannu har ya narke, ki shafa jiki bai gama bushewa daga wanka ba, sai ya rufe ruwan a cikin fata. Kaushi, faso, tsagewar leɓe, furfurar ƙafa, duk yana maganinsu. Busasshiyar fata tana fito da ƙananan layuka fili, don haka mai shafa shi takan ga fuskarta ta yi sumul, ta ɗauka tsufan ne ya tsaya. Laushi ne ta samu, UVA kuwa na nan yana aikinsa a ƙasa. Gaskiya ne akwai wasu sinadarai a cikinsa masu tsotse ɗan hasken UVB, amma kaɗan ne ƙwarai, ko kusa da SPF 30 bai je ba, kuma na wannan mai dakan ba daidai yake da na waccan ba. Kamar ki tare ruwan sama ne da rariya. Ga araha, ga shi ko'ina, ga shi ba a gauraya shi da komai ba idan kin samu na asali. Masu fuska mai maiƙo ne kawai yakan yi wa nauyi lokacin zafi.

Man kariyar rana shi kuma don wannan aikin kaɗai aka yi shi. Lambar SPF tana nuna yadda yake tare UVB: 15 na tare kusan kashi 93, 30 na tare 97, 50 na tare 98. Kin ga tsakanin 30 da 50 tazarar ba ta kai a ninka kuɗi saboda ita ba. Abin da ya fi lambar muhimmanci ga mai gudun tsufa shi ne a rubuta a jikinsa cewa yana tare UVA ma, ko ki ga alamar PA da alamun tarawa uku ko huɗu a gabanta. An gwada amfaninsa a garin Nambour na Ostireliya: mutum 903 aka bibiya shekara huɗu da rabi, aka fitar da sakamakon a 2013. Waɗanda suka shafa kullum tsufan fatarsu ya yi ƙasa da kashi 24 cikin 100 a kan masu shafawa in sun ga dama. Fararen fata ne mafi yawansu, amma ko a kanmu likitocin fata sun yi ittifaƙi cewa tabon fuska ba ya dishewa yadda ya kamata matuƙar rana na ci gaba da dukansa.

Aibinsa ma ba ɓoyayye ba ne. Yana da tsada, kuma ƙaramar kwalba ce. Ana son ki ja layi biyu a kan yatsu biyu, daga tushe zuwa kai, wannan ne adadin fuska da wuya. Mafi yawanmu ɗigo muke yi don ya daɗe, sai SPF 50 ya koma kamar ba a shafa ba. Gumi na wanke shi, ana son a sake bayan awa biyu idan ana cikin rana. Ga kuma abin da masu rubuta bayanin kwalba ba su yi tunaninsa ba: alwala. Wanda kika shafa ƙarfe bakwai na safe, da kin yi alwalar Azahar ya tafi, kuma daidai lokacin ne za ki fita jiran abin hawa. Don haka idan sau ɗaya kuɗinki zai iya ɗauka a rana, da ni ce ke, na bayan Azahar zan fi riƙewa, tunda safiyar a cikin aji kike.

Man kariyar ranar kansa iri biyu ne. Mai zinc oxide ko titanium dioxide ba ya yawan sa ƙaiƙayi ko yajin ido, shi aka fi ba masu ciki da yara, amma a fatarmu yakan bar fari-fari kamar an shafa toka. Ɗayan irin yana nutsewa ba a gani, sai dai wasu yana sa musu raɗaɗi idan gumi ya kai shi ido. Ga mai tabo irin naki akwai wanda ya fi dacewa, mai ɗan launin ƙasa wanda aka sa wa iron oxide. Dalili kuwa, a fata mai duhu hasken da ido ke gani ma yana ƙara tabo, kuma wannan sinadarin ne ke tare shi. Yana kuma ɓoye farin tokar.

Akwai na uku da ba ki sa a tambayar ba, kuma shi ya fi araha: inuwa. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana ta fi cizo. Idan inuwarki ta fi ki gajarta, lokacin ne. Hijabi ya rufe miki wuya da kunne, amma goshi da hanci da kumatu a waje suke, shi ya sa fuska ke fin jiki duhu. Lema mai duhu a jaka za ta yi miki aikin da ba ya wankewa da gumi. Mayafi kuma ki ɗaga shi sama ki duba, idan kina hango rana ta cikinsa to ita ma tana hango ki. Tabarau mai faɗi yana rage ƙanƙance ido, wanda ke ƙara zurfafa layukan gefe.

Abin da nake roƙonki da shi, don Allah, kada tabon nan ya kai ki wajen masu haɗa man bilicin. Galibinsu akwai hydroquinone ko sinadarin makuri ko maganin siteroyid mai ƙarfi a ciki. Suna kashe melanin ɗin da ke kare ki, siteroyid kuma ya sirantar da fata har jijiyoyi su fito. Wata biyu za a ce kin yi haske, daga baya kumatu su ƙone su yi baƙi irin wanda ke da wuyar magani. Kowa a cikinmu ta taɓa ganin irin wannan fuskar a gidan biki. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, a 2023 ta ayyana lamarin bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, Gana kuma tun 2016 ta haramta mayukan da ke ɗauke da hydroquinone. Haka lemon tsami da ake matsawa a fuska: ruwansa idan ya haɗu da rana yana iya ƙona fata ya bar tabon da ya fi na da. Wadda aka yi wa dilka ko halawa ita ma ta kiyayi rana a kwanakin, sabuwar fata ba ta da juriya.

Tabon da ya zo da ciki kuwa sananne ne, canjin sinadaran jiki ke tayar da shi, ƙwayoyin tazarar haihuwa ma kan tayar da shi ga wasu. Wani yakan dishe bayan haihuwa, wani ya zauna. Tunda naki ya zauna, ki daure ki ga likitan fata a asibitin koyarwa ko babban asibitin da ke kusa da ke, domin akwai magungunan da sai da kulawarsa ake shafa su.

Yadda zan tsara miki: da daddare ki wanke fuska da sabulu marar kaifi, ki shafa man kaɗanya. Da rana ki shafa na kariyar, SPF 30 ko sama, mai tare UVA, minti 15 kafin ki fita, a fuska da bayan hannu kawai tunda sauran jiki a rufe yake, ta haka kwalba za ta kai ki. Kada ki gauraya su biyun a mazubi ɗaya don ya yi auki, yin haka na tsinka kariyar. Ki saya a kantin magani da kika yarda da shi, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, kuma kada ki bar shi a cikin mota ko bakin taga, zafi na lalata shi.